Ranar Da Ban Shafa Shuɗi Ba

Akwai wata safiyar Talata a Dubai da ba za ta fita daga raina ba har in bar duniya. Lokacin ina aiki a wata masana'anta a Dubai Investments Park, a kan injin sassaƙa ƙarfe. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne ɗan Zariya, shi ne ma ya samo mini biza. Yaya nake ce masa, ko da yake ya kusa haifata.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Wuƙar da ke cin ƙarfe tana zama cikin mariƙi, mariƙin kuma ana cusa shi a bakin sandar da ke juyawa. Kafin ka ɗaura sabo, sai ka goge bakin tas, ka shafa wa mariƙin shuɗin tawada, ka saka, ka cire, ka duba. In shuɗin ya taɓa ko'ina, ya zauna daidai. Minti biyar ne kawai.

Ranar kwantena na jiran kaya, shugaban sashenmu yana ta zagaye yana cewa, "Yalla, yalla," wato a yi sauri. Mariƙin sabo ne fil daga kwali. Na ce a raina, sabon abu me zai same shi? Na cusa, na kunna.

Yaya ya jiyo ƙarar ta sauya, ya taho.

"Ƙanena, ka shafa shuɗi?"

"Na shafa, Yaya."

Har yau ban san abin da ya fitar da maganar nan daga bakina ba. Da na ce a'a, da kashe injin zai yi nan take. Amma ya yarda da ni, sai ya ɗage tabaransa na kariya da ya yi gumi, ya sunkuya yana neman matsalar a wani wurin. Wuƙar ta tsinke. Ɓallin ya same shi a idon dama.

Daga baya aka tarar da ɗan ɓurɓushin ƙarfe, bai kai ƙwayar gero ba, maƙale a bakin sandar. Shi ya hana mariƙin zama. Da aka zo bincike, Yaya ya ce laifinsa ne, shi ya cire tabarau. Ina tsaye a wurin, na bar shi ya ɗauki laifin.

Idon bai tsira ba, aikin ma haka. Ranar da yake haɗa kaya a ɗakinsa a Al Warsan, na durƙusa na fara magana.

"Na sani," ya ce, bai daina ninke riga ba. "Da ka riƙe kaina a ranar, na ga yatsunka fes, ba ɗigon shuɗi. Khalas, ya wuce. In an kore mu mu biyu, wa ya amfana?"

Ya ce ya yafe. Ni ne na kasa yafe wa kaina. Injinsa aka ba ni, na yi shekara biyu ina tsayawa inda yake tsayawa. Yanzu yana gida a zaune, mutumin da hannunsa ya fi na kowa sanin ƙarfe. In na kira, lafiyata yake tambaya.

Na koyi cewa ganganci yana da gyara muddin ka faɗe shi da wuri. Ƙaryar da ka rufe shi da ita ce ba ta gyaruwa, kuma wanda ya yarda da kai take fara ci.