Neman Kawu Bala a Alƙahira

Madinat Nasr

Ina sallame asuba na fito daga gidan da muke haya mu ɗalibai. Umma ce ta aiko daga Kano: Kaka ta kwanta, ta ƙi abinci, sunan Kawu Bala kawai take kira. Shi ne autanta. Ya zo Masar karatu tun ba a haife ni ba, daga baya ya ɗauke ƙafa, ko waya babu. A gida an gama yanke cewa ya zama babban shehi, ɗalibai sun hana shi sakat. Don haka na zura farar jallabiya, na kafa hula, na fesa turare.

Arba wa Nus

Ƙaramar bas na shiga zuwa unguwar Arba wa Nus, direba na ta "Yalla, yalla!" kamar ana kora mu. Gidan da aka kwatanta mini ya koma shagon aski. Wata dattijuwa mai shayi, Bahaushiyar Sudan, ta ga ina zagaye, ta kira ni.

"Inna, Shehi Bala nake nema."

"Shehi?" Ta ajiye buta. "Ko dai Bala mai ihu?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni shayi da wainar wake, ta ce in tafi unguwar Hadayek el-Maadi, yau shi da mutanensa suna taro a can. Na ce a raina, wataƙila wa'azinsa ne mai zafi.

Hadayek el-Maadi

Sai bayan azahar na isa, don jirgin ƙarƙashin ƙasa na hau a baibai. Wurin taron ɗaki ne a ƙasan wani bene. Na cire takalma a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi in za a shiga majalisin malami. Mai gadi ya dube ni, ya dubi takalman, ya ce "Tamam," wato ba laifi.

Wallahi ban san me na tarar ba. Jita na kuka kamar injin markaɗe, ganguna na dukan ƙirjina, wani na zuba magana da gudu yana kurma ihu. A tsakiya kuma ga magidanta masu furfura suna bangazar juna. Faɗa a gabana, ba mai rabawa? Na kutsa ina "Ya isa haka! Ku ji tsoron Allah!" Sai ji na yi an ɗaga ni sama, ana miƙa ni hannu zuwa hannu, suna ta murna. Hulata ta tafi. Aka dire ni a kan dandamali, gaban mai ihun. Na ɗaga kai, na ga hancin Umma sak. Na durƙusa.

"Kawu, ina wuni?"

Kiɗa ya mutu.

A bayan dandamali ya ba ni labari. Shi da Misirawa biyu da wani ɗan Sudan suka kafa ƙungiyar a gareji, suna haɗa gambarar zamani da kiɗan metal da wani wai shi hadko. Ya yi mini bayanin bambancinsu, ni dai duk ihu na ji. Sun faro da kaset, an taɓa korarsu daga gidan biki, mai gangarsu na farko ya rasu, mai jita yanzu tasi yake ja. Masu bangazar nan rawa suke, tun suna samari suke bin su.

Na faɗi abin da ya kawo ni, na miƙa waya. Ya ƙi karɓa.

"Me zan ce mata? Malami ta turo ni in zama."

Na danna kira. Muryar Kaka ta fito a shaƙe: "Bala, har yanzu kana fasa wa mutane kunne?"

"Hajiya, wa ya faɗa miki?"

"Yaron da ya lotse mini kwanuka kaf? Su suka ce shehi, ni ban ce ba. Yi mini in ji."

Ƙaton nan ya zauna a ƙasa, ya yi mata baitinsa a hankali, yana kuka. Ni ma na yi kukan.

Komawa

Takalmana ban gan su ba. Da wasu baƙaƙen takalman Kawu masu ƙusoshi na dawo Madinat Nasr kafin magariba, abokan zamana na ta kallon ƙafata. Na gode wa Allah, na gode wa Inna mai shayi. Ina cire takalman saƙon Umma ya shigo: Kaka ta ce a dama mata kunu.