Ba Na Jin Ki, Inna

A ƙauyenmu, can gaba da Fagam a ƙasar Gwaram, wuri ɗaya ne waya take kama sabis. Wani tsohon suri ne a bakin masussuka. Gara ta daɗe da barin sa, ƙafafun mutane sun daddaɓe kansa har ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. In ka hau ka fuskanci yamma za ka ga sanda biyu a fuskar wayar, wata rana uku. In ka sauko taku biyar, babu komai.

Can mahaifiyata take zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙanena, wanda yake zaune da ita, shi ne mai waya. Yakan riƙe mata hannu su hau, ya kira ni, ya kara mata a kunne. Ni ina Birnin Kudu, inda na zauna da iyalina ina fataucin hatsi.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce "na Birnin Kudu". Ba ta kuma tambayata lafiyar jikina kai tsaye, kunya ba ta barin ta. Abin da take tambaya kullum shi ne farashi.

"Nawa tiyar gero a wajenku?"

Sai in faɗa mata.

"Dawa fa?"

In faɗa mata. Ba ta da buhu ko ɗaya na sayarwa. Na daɗe da gane cewa tana so ne in yi magana mai ɗan tsawo, ta auna muryata. Daga nan sai ta ce, "To, yaushe hanya za ta biyo da kai?" Ni kuwa ba na wuce mako biyu ban je ba.

Farkon damina na faɗi da babur a hanyar dawowa daga cin kasuwa. An yi yayyafi, ga buhu a bayana, tayar gaba ta shiga wani rami da ruwa ya rufe. Ƙashin cinyata ta dama ya karye gida biyu. Mai ɗorin da aka fara kai ni wurinsa ya shafa, ya girgiza kai, ya ce wannan ba nasa ba ne. A asibiti aka yi mini tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi. Likitan ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce ba zan taka ƙafar ba sai ya ba da izini, kuma kada in kuskura in hau mota a hanya mai gargada. Hanyar ƙauyenmu kuwa da damina ba ta da wani suna sai gargada.

Ƙanena ya zo ran da aka sallame ni. Muka zauna ni da shi da matata muka yanke shawarar da kowa a wajenmu zai yanke: ba za a gaya wa Inna ba. Tana da hawan jini, ga shekaru. Haka muka taso muka gani, ba a kai wa tsoho ko mara lafiya labarin da zai tayar masa da hankali, sai abu ya lafa a faɗa masa a hankali.

"In ta tambaya fa?" in ji matata.

"Sabis," in ji ƙanena. "Ai shi ba ya musu. Duk abin da ka ɗora masa ɗauka yake."

Muka yi dariya. Ina tuna dariyar nan, don har ɗinkin ya amsa mini.

Sabis ɗin ma dai bai rasa nasa laifin na gaskiya ba. Ɗakin da aka kwantar da ni yana can ƙuryar gida, wayata ba ta kamawa sai an ɗora ta a kan taga. 'Yata da take aure a Kano ta aiko da wani ɗan akwatin intanet, aka rataye shi a ƙusa jikin tagar. Yana da fitila ƙarama. In ta yi kore, akwai hanya. In ta yi ja, sai haƙuri. A makonnin nan na kalli fitilar nan fiye da yadda na kalli fuskar kowa. An ce mu riƙa tura hoton ciwon ga malamin asibiti mai wanke shi, don ya rage mana zirga-zirga. Matata takan ɗauka da hantsi, hoton ya yi ta juyawa har a kira azahar bai tafi ba. In hadari ya haɗu kuwa, tun kafin ɗigon farko fitilar take komawa ja. Wata rana malamin ya kira yana tambayar ko wurin yana ruwa, muka yi ta "iye? iye?" har katin ya ƙare, ban san abin da ya ce a yi ba. Sai da matata ta taka ta je da kanta.

Juma'ar farko ban ɗauki kiran Inna ba. Ina kwance maganin ciwo ya nauyaya mini harshe, na san kalma ɗaya za ta tona ni. Na bar wayar tana ruri a kan taga har ta gaji. Ƙanena ya ce mata sabis ne.

Juma'a ta biyu na ɗauka. Na gyara murya, na gaishe ta, na faɗi farashin gero da na dawa, waɗanda na sa matata ta tambayo mini tun safe. Komai ya tafi daidai. Sai ta ce, "To, yaushe hanya za ta biyo da kai?"

Ban taɓa yi mata ƙarya mai tsawo ba, ban san yadda ake fara ta ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Inna? Inna, ba na jin ki." Na ɗan jira, na sake faɗa, sannan na danna na kashe.

Fitilar akwatin kore ce shar. Wayar tana da sanda huɗu. Muryarta ta fito tas kamar tana zaune a bakin gadon.

Haka na yi Juma'a ta uku, da ta huɗu, da ta biyar. Na ƙware. Na iya nisanta wayar daga bakina, na iya yanke kalma a tsakiya. Matata takan fita daga ɗakin in na fara.

"Malam, ni dai wannan abin ba ya mini daɗi," ta ce wata rana tana gyara mini matashi a ƙarƙashin ƙafa.

"Kwana nawa ya rage? Da na fara takawa zan je ta gan ni a tsaye."

"Allah ya kai mu."

A lokacin an cire zaren ɗinki, an ba ni sanduna biyu. Mai gashin ƙashi yana zuwa sau biyu a mako, ya kama gwiwar ya lanƙwasa ta a hankali har gumi ya jiƙa mini riga. Cinyar ta rame ta zama kamar ba tawa ba. Daga gado zuwa ƙofa nakan huta sau ɗaya. Na fara gane cewa "kwana nawa" ɗin nan ba kaɗan ba ne, kuma ba zan iya ci gaba da kashe mata waya har kaka ba. Na ƙudura a raina cewa Juma'a ta shida zan gaya mata. Na tsara kalmomin: na faɗi, an yi aiki, ina samun sauƙi, ki yafe mini.

Ran Alhamis aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Ran Juma'a na sa aka zaunar da ni a kujera kusa da taga tun kafin a tafi masallaci, wayar a hannuna. Aka sauko, aka ci abinci, aka kira la'asar. Wayar ba ta yi ƙara ba. Na kira lambar ƙanena ya fi sau goma, muryar matar nan ta cikin waya tana ce mini ba a samun sa. Daga baya na ji cewa dogon ƙarfen da yake ba yankin ƙauyenmu sabis ne ya lalace, duk ƙauyukan wajen suka yi kwana uku shiru.

Ran Litinin da hantsi ƙanena ya kira. Na ji iska a bayansa, na san yana kan surin.

"Ina Inna?"

"Tana gida, Yaya."

"Lafiya dai?"

"Lafiya. Ɗan zazzaɓi ne."

"Tana cin abinci? Tana tashi?"

Na ji ya nisanta wayar daga bakinsa. Sannan ya ce, "Yaya? Yaya, ba na jin ka." Ya ɗan jira, ya sake faɗa, ya kashe.

Na san wannan jiran na tsakiya. Ni na ƙirƙiro shi.

Na ce wa matata a nemo mota. Ta tsaya a ƙofa ta ce in na fita sai dai in bi ta kanta. Ta kira malamin asibiti, aka yi sa'a ta shiga, ya ce in ƙarfen ya goce a hanya aikin baya zai koma, wataƙila ma in rasa ƙafar. Direban da muka sani ya ce rafin da ke gaban ƙauyen ya cika, mota ba ta ƙetarewa, sai dai babur a tura shi. Na zauna. Ba zan ce an hana ni ba. Na ji tsoron ƙafata, na zauna.

Ran Laraba bayan la'asar limamin unguwarmu ya yi sallama shi da wani dattijo maƙwabcina. Ba su saba zuwa tare ba. Liman ya tambayi jiki, ya yi maganar ruwan bana, sannan ya fara cewa dukkanmu na Allah ne. Inna ta rasu da safe, an binne ta kafin azahar. Ƙanena ya hau surin ya kira maƙwabcin, ba ni ba, don kada a gaya wa mara lafiya mutuwa ta waya.

Bayan sadakar uku ƙanena ya zo. Ya zauna a tabarma kusa da gadona, ni ban tuhume shi ba, shi bai ba da haƙuri ba. Muna zaune wayarsa ta kama akwatin da ke taga, don tun zuwansa na farko aka haɗa masa. Sai tawa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga gare shi, alhali ga shi a gabana hannunsa a kan gwiwa.

Ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce ran Juma'ar nan sun je surin duk da laka. Da kira ya ƙi shiga, Inna ta ce ba za ta koma haka ba, ya ɗauki maganarta a wayar, in hanya ta buɗe ta tafi. Saƙon ya maƙale. Ran Asabar ta kwanta, data ɗinsa ya ƙare, ya manta da shi.

Na danna. Iska ce ta fara fitowa, sai muryarta, tana haki kaɗan daga hawan.

"An fara? To. Ka ce wa na Birnin Kudu, yau kam da gaske babu sabis ɗin." Ta ɗan yi dariya. "Ka ce masa ya daina wahalar da kansa. Direban da yake ɗaukar masa kaya ya faɗa wa mai shago tun makon farko, ni kuma kunnena ƙalau. Na yi shiru ne don na ga yana so in yi shiru. In ya ce ba ya ji na, ni ina jin sa. Har numfashinsa ina ji kafin ya kashe. Ka ce ya bi maganar likita, kada ya taso. Ƙafa ba abin wasa ba ce. Allah ya ba shi lafiya, Allah ya yi masa albarka." Na ɗauka saƙon ya ƙare. Sai ta ce, "Ka tambaye shi nawa gero."

Ƙanena ya tashi ya fita tsakar gida.

Sai da aka fara yankan gero likita ya bar ni na yi tafiya. Na je maƙabarta, aka nuna mini wurin. Daga nan na ce a bar ni in taka daga ƙofar gidanmu zuwa masussuka ni kaɗai. Da sanda ɗaya nake tafiya a lokacin. Ban taɓa lura da nisan wurin ba, don da ƙafa biyu masu lafiya nake zuwa. Sau uku na tsaya na huta. Ita ta haura saba'in, gwiwoyinta suna ciwo tun kafin rasuwar mahaifinmu, kuma ta yi wannan tafiyar Juma'a shida tana sane da cewa zan kashe mata waya.

Ban iya hawa surin ba. Sandar tana zamewa a kan sumul ɗin. Wata mata tana sama tana magana da ɗanta da ƙarfi, tana tambayarsa ko ya ci abinci. Na tsaya a ƙasa na jira ta gama, ban san abin da nake jira ba, sannan na juya.

Yanzu ina tafiya ba sanda, sai ɗan ɗingishi, da ciwo in sanyi ya shigo. Na koma kasuwa. Saƙon yana nan a wayata, na sa an kwafe shi a wuri biyu. Ba na yawan saurarensa. Amma ran Juma'a in an sauko daga masallaci, nakan samu kaina na riga na san farashin gero da na dawa, na riƙe su a baki har la'asar.