Sai Filta Ta Bushe

Shagona a jikin garejin ƙanena yake, bango ɗaya muka raba. Ni ina sayar da baƙin mai da giris da fulogi da sauran tarkacen mota, shi kuma yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane yana zagin kusoshi. Daga kan kujerata babu abin da yake wuce ni a garejin nan, kuma ban taɓa iya ganin abu in yi shiru ba. Ƙanena yakan ce da baki yana shan mai, da tuni shagon ya karye.

A nan na san Baba Direba. Dogon tsoho ne siriri, yana tafiya a miƙe, rigarsa a goge kullum kamar akwai mai dubawa. Tun yana saurayi ya kama tuƙi a gidan wani ɗan kasuwa, bai sake gida ba. Shi ya kai yaran gidan makaranta har suka girma suka fara gaya masa hanyar da zai bi. Shi ya kai maigidan asibiti ya dawo da shi, ya sake kai shi ya dawo shi kaɗai. Bayan an gama rabon gado 'ya'yan suka ba shi tsohuwar motar uban, suka yi masa godiya mai yawa, suka ce ya je ya huta. Mai ɗakinsa ta riga ta rasu. 'Yarsa ɗaya tal tana aure a wani gari mai nisa. Ya koma ɗaki biyu da tsakar gida da mota mai ƙyalli wadda ba ta da wurin zuwa.

Motar nan filtar iskarta irin wadda ake wankewa ce, auduga ce ja a cikin ragar waya, ba ta takarda da ake cirewa a yar ba. Ranar da ya fara zuwa, da kansa ya buɗe bonet, ya zaro ta, ya miƙa wa ƙanena da hannu biyu. Ƙanena ya ɗaga ta sama ya duba ta a haske.

"Baba, wannan ai ba ta yi datti ba."

"A dai wanke ta," in ji shi.

Wankin kansa ba wani aiki ba ne. A fesa mata magani, a bar shi ya jiƙa, a ɗauraye da ruwa a hankali daga ciki zuwa waje. Shanyar ce take cin rai. Ba a sa ta a rana, ba a hura mata iskar kwamfuresa don audugar za ta yage. A inuwa ake jingine ta ta bushe don kanta, sannan a ɗiga mata jan mai irin nata layi-layi, a jira ya ratsa. Kafin nan motar ba ta tashi. Rabin yini ke nan ya tafi. Baba Direba ya share bencin da ke gindin bango da hankicinsa, ya zauna, ya ɗora hannu a gwiwa.

Mako na zagayowa sai ga shi. Wani makon ma haka.

Abin ya fara ba ni haushi. Ni ba na son ɓarna, ko ta kayan wani ce. Na fito na tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Baba, irin wannan filtar fa sai ta yi tafiya mai nisan gaske ake taɓa ta. A leƙa ta in an zo juyen mai, in ƙura ta rufe wayar a wanke, in ba ta rufe ba a ƙyale ta. Mai yawon hanyar ƙura ne yake yawan wanki. A kwalta sai ta shekara lafiya lau. Ku kuma daga gida zuwa nan ne iyakar tafiyarku. 'Yar ƙurar da take kamawa ma taimakonta take yi wajen tacewa."

Ya saurare ni har na gama, kansa a ɗan sunkuye, irin sauraron wanda ya saba a yi masa faɗa daga kujerar baya.

"Na sani, mai shago," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Shi ke nan fa. Na koma shago ina huci.

Baba Direba ba mai surutu ba ne. Yana zaune a bencin nan direbobi suna musun ƙwallo a kansa, ana ta kai da kawo, shi sai dai murmushi. In mota ta shigo da wata ƙara sai ka ga ya karkata kunne. In an kawo abinci ya sa hannu sau biyu ya janye. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke shi, amma ko an jefar da sufana sai ya miƙe zumbur kamar an kira shi. Direbobi suka sa masa suna Sarkin Benci, ya amsa. Har ya zama in ranarsa ta zo ba wanda yake zama a gefen bangon.

Wata rana da la'asar ina jera galan-galan a ƙofar shago, na hango shi ya tashi ya je wurin filtar. Ƙanena yana can ƙarƙashin wata babbar mota. Baba ya taɓa filtar da bayan hannu, ya juya ta, ya sake taɓawa. Tun azahar ta bushe ƙarau, ni kaina na sani. Ya waiga dama da hagu, ya mayar da ita ya jingine, ya dawo benci.

Ƙanena ya leƙo ya ce, "Baba, ta yi?"

"Da sauran danshi," in ji shi.

Na shiga shago na zauna, na daɗe ina kallon kwalayen fulogi. Ni ma gidana in na koma da yamma, ƙarar mukullina ce take yi mini sannu da zuwa. Tun daga ranar ban ƙara yi masa maganar ɓarna ba.

Amma auduga ba ta san tausayi ba. Wanki ya yi mata yawa, ta fara sirancewa, haske yana ratsa ta a wurare. Man da ake ɗiga mata mako-mako kuma ya bi iska ya shafe 'yar na'urar da ke auna iskar a bayanta. Ƙanena ya faɗa masa sau biyu, ya ce to. Ranar da abin ya tashi faruwa, sai ya zaɓi ranar da 'yarsa ta zo ganinsa. Ya ɗauko ta daga tasha, a tsakiyar babban titi motar ta yi tari ta mutu, motoci suna ta hon a bayansu. Mutumin da bai taɓa tsayar da maigidansa a hanya ba, shi ne yake tura mota da furfurarsa, 'yarsa riƙe da sitiyari tana kuka.

Washegari suka zo tare. Mace ce mai hankali, idonta a kumbure. Ta gaida ni, ta gaida ƙanena, sannan ta tambaye shi kai tsaye.

"Don Allah malam, gaya mini gaskiya. Sau nawa ya kamata a wanke abin nan?"

Na harari ƙanena, na yi gyaran murya, na yar da mazurari da gangan. Ko a jikinsa. Shi in aka ce masa don Allah, ya gama. Ya zayyana mata komai kamar yadda na taɓa zayyana wa Baba, ya ƙara da cewa wannan dai ta gama aiki. Ta juyo wurina.

"Inna, kuna da ta takarda?"

"Ta ƙare," na ce, alhali suna nan jere a bayana.

Ta tsallaka titi ta sayo. Ban ga laifinta ba, kuma har yau ina jin haushinta. Ƙanena ya goge na'urar, ya sa sabuwar, injin ya tashi sumul. Tsohuwar filtar kuwa, 'yar tasa da hannunta ta jefa ta cikin duron baƙin mai.

"Baba, kun huta," ta ce tana gyara masa wuyan riga. "Ba sai kun ƙara wahalar zuwa nan kuna yini a benci ba. Shekara-shekara a cire a sa wata. Ko dai ku zo mu tafi tare, ɗaki na nan."

Ya ce Allah ya yi mata albarka, yana nan dai tukuna.

Ta koma garinsu. Makonni suka shuɗe ba Baba Direba. Direbobi suka yi cigiyarsa kwana biyu, daga baya wani ya ajiye batir a kan bencin.

Sai wata safiya ga motar ta shigo a hankali. Ya fito, riga a goge, amma ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ce a duba masa filta. Ƙanena ya ɓalle murfin, ya leƙa, fara sol. Ya juya ta ko zai samu abin faɗa, bai samu ba. Ya mayar ya rufe bonet. Ko ruwan shayina bai tafasa ba an gama.

Na fito da sauri na sauke batir ɗin daga benci, na share wurin da gefen zanena.

"Baba, ku zauna mana. An yi kewarku."

Ya dubi bencin.

"In zauna in jira me, mai shago?"

"Ba sai an jira komai ba. Zama kawai."

"A wurin aikin mutane?" Ya girgiza kai. "Ban iya ba."

Ya shiga mota ya tayar. Ya fara ja da baya, na bi shi ina buga gilashi, na ce tayar baya kamar ta yi sanyi, ya bari a cire a duba, ƙila ƙusa ce, irin wannan sai an jiƙa ta a ruwa an nema a hankali. Ya taka birki. Ya fito, ya zagaya, ya durƙusa da ƙyar ya danna tayar da babban yatsa. Ya miƙe ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Na gode, 'yar nan."

Ya koma ya zauna, ya ja ƙofa a hankali, ya fita.