Layi Tara da Na Share

Ni da taubashina, ɗan kawuna, muka samu aiki wajen wani mutumin Yamai mai haɗa wasan waya. Daga Madarumfa muke yi. Namu shi ne kula da injin, wato manhajar da ke zana hotunan wasan, kamar haske da inuwa da motsin ruwa. Taubashina ke rubuta layukan umarnin da injin ke bi, ni ke bin baya ina gyara da shara.

Rubutunsa kamar gonar malalaci yake, ciyawa ta fi hatsi. Kullum ina tsokanarsa da haka, yana dariya. Wata rana na ci karo da wasu layuka tara da ke rage wa injin gudu, babu bayani ko kaɗan a kansu. Lokacin yana garin Gabi wajen biki. Na ƙi kiransa, don a ganina na fi shi iyawa. Na share su, na ji daɗi har cikin raina.

Ashe da dalili ya sa su. Wayoyin mutanenmu tsofaffi ne, kuma zafin bazara ba ya wasa. Layukan nan ke hana waya ɗaukar zafi. Da sabon wasan ya fita, wayoyi suka riƙa mutuwa a hannun mutane.

Mutumin Yamai ya kira mu tare, ya tambayi wa ke da wannan sashe. Taubashina ya ce nasa ne. Ni kuwa na bar laifin a kansa. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Aka sallame shi, aka bar ni. Na mayar da layukan a ɓoye, har aka yaba mini.

Sati uku ina kauce wa ƙofar gidansu. Da na ji zai tafi cirani Najeriya, na je na same shi yana ɗaure kaya.

Na ce, "Ni na share su."

Bai ɗago kai ba. "Na sani tun ran nan. Kowane gyara da aka yi wa injin yana nuna sunan wanda ya yi shi."

"To mi ya hana ka faɗi?"

"Jira nike ka faɗi da bakinka. Miƙo man igiyar can."

Na miƙa masa. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.