Jar Tsohuwar da Ta Sauka a Sarƙar Bashir

Gobe likitoci za su yanke shawara a kan ƙafar ƙanena Bashir, ko a bar masa ita, ko a cire daga gwiwa. Tun ranar da sarƙar babur ɗinsa ta kayar da shi a Nyanya hankalina bai kwanta ba. Abin mamaki kuma, ba hatsarin nake ta gani a zuciyata ba. Murhun Iya nake gani, a tsakar gidan hayarmu na Kubwa, lokacin muna yara.

Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Daga Zariya aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, ta iso Abuja da tabarmarta da muciyarta da taurin kanta. Ta ce tuwon risho warin kananzir yake yi, don haka ta kafa murhun dutse a bayan ɗaki, masu gida suka yi mita har suka gaji suka ƙyale ta. In an ci tuwo an yi sallar isha'i ba ta kashe wutar. Sai ta tura guntun icce, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu zagaye ta, har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda Hausarsu ba ta san mace ba ta san namiji ba. Bashir kullum a cinyarta yake. Angona take ce masa, ta ce da shi za ta tare in ya daina fitsarin kwance.

Baba masinja ne a wata ma'aikata a Garki. Kullum a kan babur yake tafiya ya dawo, a wannan doguwar hanya da motoci ke gudu kamar an koro su. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mai babur take ce masa. In ya durƙusa ya gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ina yarinya na ɗauka ba ta son sa, har haushinta nakan ji.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Tana da na gizo da na kura, amma da zarar damina ta sauka, musamman ranar da Baba ya dawo a jiƙe ya jingine babur ya shige ɗaki, guda ɗaya take yi mana: ta Tsatsa.

Tsatsa, in ji Iya, wata jar tsohuwa ce, siririya, ba ta da ƙafa, ruwa ne ke goya ta. Yawo take gida gida tana neman masauki. Ta je wajen fartanya, fartanya ta ce kullum ina gona, ba ni da lokacin baƙi. Ta je wajen wuƙa, wuƙa ta ce uwar gida na goge ni ta shanya, ba inda za ki kwanta. Sai ta isa gidan wani saurayi ɗan ƙwalisa wanda ya gaji rijiya da sarƙar ƙarfe daga mahaifinsa. Uban, yana da rai, yakan jawo sarƙar gaba ɗaya ya shanya ta a rana ya bi ta da man kaɗe, zobe bayan zobe. Shi kuwa ɗan, ɓangaren da ke bakin rijiya kawai yake gogewa, inda 'yan mata ke gani in sun zo ɗibar ruwa. Na can ƙasa, mai kwana a laima, ya ce wa zai leƙa?

A nan Iya ke ƙanƙance murya ta zama Tsatsa. "Ɗana, ni ba ni da ci. Zobe ɗaya ya ishe ni. Ka ba ni inda ba mai dubawa." Saurayi ya ce bisimilla. Ta shiga zobe ɗaya, ta haihu a ciki, 'ya'yanta suka bazu cikin na kusa. Sarƙa ta fara kuka duk lokacin da aka ja guga, Iya ta rera, mu amsa:

*Ƙi-ƙi-ƙi, maigida shafa min mai,*
*Baƙuwa ta kwana a cikina,*
*Ƙi-ƙi-ƙi, ba waƙa nake ba.*

Saurayin ya yi ta dariya yana gaya wa 'yan mata sarƙarsa har waƙa take yi masa.

To daidai nan Bashir ke yin barci. Kullum. Waƙar ce ke kwantar da shi, bakinsa a buɗe, yawu na zuba a zanen Iya. Takan ce, "Kun ga angon nawa, ya bar ni da baƙuwa a gida." Kuma daidai nan Iya ke ɗaga murya ta maimaita waƙar, fuskarta na kallon wuta, sautin kuwa na nufin ƙofar ɗakin Baba. Ba a jimawa sai mu ji ya yi gyaran murya ya fito da fitila da gwangwani.

Har yanzu ina iya ganin hannunsa. Ya kafa babur a tsaye ta yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa, ya kwance murfin sarƙar. Ya tsoma tsohon buroshin haƙori cikin kananzir ya bi ta a hankali yana juya taya, baƙar laka na ɗiga a ƙasa. Ya goge da tsumma, ya bar ta ta sha iska. Sannan ya ɗiɗɗiga mata sabon mai ta ciki, ya sake goge wanda ya yi yawa. Baƙin man da aka juye daga inji ba ya kusantar sarƙarsa, ya ce yashi yake tarawa ya zauna yana cin ƙarfe. A ƙarshe ya danna ta da yatsa ya ji ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma ɗame ba. Duk wannan Iya ba ta kallon sa. Sai ya gama take ƙarasa tatsuniyar, ta ce, "Ta tashi ta tafi, ku rufe ƙofa," ta watsa wa garwashi ruwa.

Na girma na yi aure kafin na gane abin da ke faruwa a tsakar gidan nan. Mace ce da ɗanta ke hawa ƙarfe kullum cikin motoci, tsoro na cin ta, kunya kuma ta hana ta ce masa ko da ka kula da kanka. Sai ta ƙirƙiri jar tsohuwa ta aika masa da ita ta kanmu. Shi ma ya gane, bai taɓa nunawa ba. Haka suka yi ta hirarsu shekara da shekaru ba wanda ya dubi wani, har ta rasu, shi ma ya bi ta.

Bashir ya gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, ya kama acaɓa a cikin Nyanya. Babur ɗinsa ya fi na kowa sheƙi a tasha. Kullum sai ya kai shi wurin masu wanki, su yi masa feshin ruwa mai ƙarfi da garin sabulu, a goge tanki da madubi har ka ga fuskarka. Haka duk abokansa ke yi, wai fasinja mai tsabta yake tsayarwa. Ruwan kuwa ya wanke ɗan man da ke jikin sarƙa, ya shige cikin murfi ya kwanta, ba mai buɗewa. In ta dame su da ƙara su tsiyaya mata baƙin mai ta 'yar kafar murfin su wuce.

A farkon daminar nan ya sauke ni a ƙofar gida, na ji kukan sarƙar. Wallahi muryar Iya na ji sak.

Na ce, "Bashir, sarƙarka na kuka. Yaushe rabonka da buɗe murfin nan?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, cen ne fa, haka yake yi in an yi ruwa. Ko Oga Sani makanike ya ce ba matsala. Dubi mashin ɗin nan, kamar yau aka fito da shi daga kwali."

"Ka manta tatsuniyar Iya?"

"Ta waƙar nan? Ƙi-ƙi-ƙi?" Ya rera ta daidai, har da karya wuya irin na Iya, ya tada babur ya tafi yana yi min dariya.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, wani zobe da ya sandare ya ƙi lanƙwasa, sarƙar ta goce daga haƙoranta ta naɗe a tayar baya. Tayar ta tsaya cak a tsakiyar titi, akwai mota a bayansa, ta taka masa ƙafa. Allah Ya sa bai ɗauki kowa ba. Abokinsa da ya kwaso babur ɗin ya ce da suka buɗe murfin, sarƙar ja wur take kamar an tono ta daga ƙasa. Tankin kuwa ko ƙura babu.

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba. Wani lokaci da shi, wani lokaci da waƙar da ta yi daɗi har ta riƙa sa shi barci.

Yau da la'asar na kai masa kunu asibiti. Ya rame, ƙafar na naɗe, ɗakin na warin magani. Bai sha ba. Yana kallon silin ya ce, "Yaya, wai ya tatsuniyar nan ta ƙare? Ni fa ban taɓa jin ƙarshenta ba."

Na gyara zama na gaya masa. Wata rana ɗan akuyar saurayin ya faɗa rijiya, ya kama sarƙa ya sauka zai ciro shi. Sama lafiya, tsakiya lafiya, yana isa zoben da baƙuwa ta kwana sai ta tsinke. Matan gari suka ji ihunsa, suka kwance ɗankwalayensu da gyalensu suka ƙuƙƙulla, suka zura masa.

"Ya fito?"

"Ya fito."

"Da ransa?"

"Da ransa, Bashir."

Ya dubi ƙafar da ke ƙarƙashin bargo, ya dube ni.

"Da ƙafarsa biyu?"

Na san yadda Iya ke ƙarasa ta, don ni ban taɓa yin barci ba. Na ɗauki kofin kunun na shiga juya shi da cokali. A karo na farko a rayuwata na roƙi Allah barci ya ɗauke shi kafin ƙarshe. Amma idonsa biyu, yana jira na.