Laftof a Kan Ragar Banda

A gidanmu na Nguru duk abin da yake da daraja sai an ɗinka masa riga. Babanmu yadi yake sayarwa a kasuwa, sana'ar da kakanmu ya zo da ita daga Kano, don haka ƙyalle bai taɓa yanke mana ba, Ummanmu kuwa ba ta iya ganin abu tsirara ta ƙyale shi. Talabijin na da rigarta, rediyon Baba na da tasa har da aljihu, keken ɗinkin ma da yake yi wa kowa ɗinki yana da tasa. Ko filas ɗin shayi bai tsira ba. Mu da muka tashi a ciki ba mu ga abin dariya ba, baƙi ne suke ƙunshe baki.

Shekarar da na gama sakandare, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba, yayana ya dawo daga Kano da laftof. Ta hannu ce, baƙa, mai nauyin tsiya, kuma wai don aiki ya saye ta. Aikin da na ga tana yi dai guda ɗaya ne, tseren mota. Ni kuwa tun ranar da na ji ƙugin injin nan na ƙwallafa rai. Na yi masa wanki, na yi masa guga, na daina mayar masa da magana, abin da ya fi kowanne yi mini wuya. Da ƙyar ya fara bari in tsaya a bayansa in kalla. Ranar da ya ba ni na gwada, a kwanar farko na kifar da motar, ya yi ta dariya har da buga ƙafa.

Ana nan sai wurin aikinsu suka tura shi kwas na mako uku a Damaturu. Ya ce ba zai tafi da ita ba, ɗakin kwanan na taro ne. Da safen da zai tafi ya kira ni.

"Ga amana," ya ce. "Ki yi wasanki, amma idan na dawo na tarar da ko ƙwarzane a jikinta, ke da ita har abada. Ni ma kada ki sake tambaya ta komai."

Na karɓa da hannu biyu, bakina ya ƙi rufuwa. Bai taɓa ba ni ajiyar ko biro ba.

Umma ta ji kalmar amana. Kafin la'asar ta gama ɗinki: shadda ruwan toka, an shimfiɗa mata soso a ciki, da roba a kusurwoyi yadda ko an buɗe laftof ɗin rigar na manne da gindinta. Ni kuma na ƙara da nawa gatan, na ce abin Yaya ba zai zauna a kan tabarma ba, na ɗora ta a kan matashi.

Kwana biyun farko ban san akwai daɗi irin wannan a duniya ba. Da an kawo wuta da hantsi sai in zauna, ni da ko keke ban iya ba, in yi ta keta tituna a jar mota. Umma takan zo wucewa da tsintsiya ta tsaya, in na sha kwana ita ma ta karkata. "Ke! Rage gudu, za ki hallaka bayin Allah!" In ce mata babu kowa a ciki. Ta ce ko babu kowa ai ganganci ba kyau, amma ba ta tafi ba sai da miya ta kusa ƙonewa.

Rana ta uku, karo na farko ina gaban kowa, saura in sha kwana ɗaya in kai layin ƙarshe, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Na danna, shiru. Na sa hannu ƙarƙashin rigar na janye da sauri, zafi kamar gindin tukunya. Bayan wani lokaci ta farfaɗo, na yi hamdala, ba a jima ba ta sake ɗaukewa.

Bazara ce lokacin, irin zafin Nguru da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Umma ta duba ta yanke hukunci.

"Zafin gari ne yake shigar ta. Ba ki ga masu ƙanƙara ba? Da buhu suke naɗe ta, ta wuni ba ta narke ba. Rigar ce ta yi mata shara-shara."

Wallahi maganar ta shige ni, har yau in na tuna ina jin hikimarta. Ta ƙara wa rigar wani soson, ni kuma na riƙa kewaye ta da tawul. Daga nan abin ya koma minti biyar, tana wani irin huci, sai ta mutu. Na daina cin abincin kirki. Ba wasan nake ji ba, fuskar Yaya nake hangowa, da yadda zai ce dama ya sani.

Mai gyaran rediyon unguwarmu abokinsa ne, in na kai masa kamar na aika Damaturu da wasiƙa ne. Sai wata ƙawata ta ce akwai mai gyaran kwamfuta a Gashua kusa da tasha. Umma ta gaya wa Baba zan je gaida Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a can, wanda ba ƙarya ba ne tunda gidanta zan sauka. Na shiga mota da sassafe, laftof na naɗe a zane a kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Wata tsohuwa da ta hau a Jajimaji har ta tambaye ni ko magani ne na ɗauko.

Na tarar da shagon da kwaɗo. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi biki Maiduguri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Da kuka na shiga gidan Gwaggo.

Gwaggo masunci take aure, mutumin Bade, gidansu ba nisa da kogi, ita kuma bandar kifi ce sana'arta tun kafin a haife ni. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta san lallashi ba. Ta bar ni na gama bayani ina jan majina, sannan ta goge hannu a zaninta.

"To kukan ya isa, ba mutuwa aka yi ba. Kunna in gani."

Allah ya taimake ni akwai wuta a unguwarsu ranar. Na kunna, na shiga tseren, hucin ya fara. Ta kara kunne.

"Wannan nishin na mene ne?"

"Fanka ce a cikinta, Gwaggo."

"Fanka? To ta ina take shan iska?"

Ba ta jira amsata ba, ta sa na kashe, ta tuɓe tawul, ta tuɓe shaddar Umma ta yar gefe, ta kifa laftof ɗin. A gindinta da gefenta akwai 'yan ƙofofi sirara, ban taɓa lura da su ba, duk sun cushe da zaren yadi da ɓurɓushin soso.

"Ke da uwarki kun toshe wa baiwar Allah hanci, kun ce ta yi tsere."

Na ce ai ƙanƙara ma naɗe ta ake yi. Gwaggo ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ƙanƙara daga waje zafi yake zuwar mata, 'yar nan. Wannan wutarta a cikinta take. Ni da wuta nake kwana nake tashi, duk abin da ke da wuta a ciki ƙasansa ake buɗe wa."

Ta ciro tsinken tsintsiya ta zauna tana zaro zaren nan ɗaya bayan ɗaya, tana hurawa, da natsuwar da take cire wa tarwaɗa ƙazanta. Da ta gama ta ɗauko guntun ragar wayar da take shimfiɗa kifi a kai in za ta yi banda, ta kankare ta da toka, ta ɗora a kan bulo biyu cikin rumfa, ta ɗora laftof ɗin Yaya a sama. Ni dai ina ta addu'a a zuci. Ta ja kujera 'yar tsuguno, ta ɗauki mafici ta fara yi wa laftof ɗin fifita.

"Tuƙa mu gani."

Na tuƙa. Minti biyar ya wuce, goma ya wuce, aka kira azahar, na yi salla na dawo tana nan da ranta. Can wajen la'asar na zo ta ɗaya, karo na farko a rayuwata. Na yi ihu, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar wa ya haihu. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Kwana uku na yi a Gashua, ina cin kifi ina tsere, Gwaggo na ba ni umarni ta ina zan wuce motar gabana. Da zan tafi ta naɗe mini ragar a takarda ta ce in tafi da ita, kuma in gaishe mata da tela.

Umma ta ɗan yi fushin rigar, ta ce shaddarta mai kyau. Daga baya ta mayar da ita ta agogon bango.

Ranar da Yaya ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba na kawo masa kayansa. Ya juya ta, ya duba kusurwoyi, babu ƙwarzane. Ya buɗe, sai ya tsaya yana shinshina.

"Wai kifi nake ji, ko hancina ne?"

Na so in yi ƙarya, ban samu wadda za ta ɗauki warin banda ba. Na zayyana masa komai, rigar, tawul ɗin, mutuwar, tafiyar Gashua. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

"Kika ce daga yaushe zuwa yaushe ba ta ɗauke ba?"

"Daga hantsi har la'asar."

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙofa ko Baba na kusa, ya rage murya.

"Ni fa tun da na saye ta ba ta taɓa yi mini rabin awa ba. A kan katifa nake kunna ta. Na ɗauka cuta ta aka yi a Kano, kunya ta hana ni faɗa."

Kwana goma ban ci abinci ya zauna mini ba! Na ce masa Allah ya isa ramar da na yi, na faɗi maganganun da na haɗiye tun farkon shekara, shi kuwa yana ta ba ni haƙuri yana dariya. Da na huce ya matsa gefe a kan tabarmar.

"Ɗauko ragar nan ki nuna mini yadda ake ɗora ta."

Shekara goma sha takwas ina biye da shi yana nuna mini yadda ake yin abu, ranar ce ya fara cewa ni in nuna masa, kuma daɗin da na ji ya fi na zuwa ta ɗaya. Na jera bulo biyu, na ɗora raga, na miƙa masa mafici. Na ce ya zauna daga hagu ya yi mata fifita, ni zan fara tuƙawa.