Hawan Jabal Hafit da Malamin Faransanci

Ana sallame asuba muka bar unguwar Deira, inda muke zaman neman kuɗi a ƙasar waje, ni da direba da wani dattijo ɗan Zinder mai shagon takalma, tsohon malamin Faransanci. Ni na ɗauko motar haya da sunan kai shi kallon Jabal Hafit, dutsen garin Al Ain. Gaskiyar magana, bizar ƙanena ta kusa ƙarewa, so nake in samu dattijon shi kaɗai in roƙe shi ya ɗauke shi aiki, in ba haka ba sai Kano.

Hanya shimfiɗe, ko rami ɗaya babu, yashi ja hagu da dama. Muka tsaya muka sha shayin madara da suke kira karak da wainar fulawa, dirhami biyu kowa. Na ce a raina sai mun hau sama zan buɗe baki.

Muna fara hawa, Malam ya tambaye ni ko na san sunan ƙololuwar dutse da Faransanci. Ban sani ba, ban kuma nema ba. Ya ce "cime", Italiyawa da Sifaniyawa kuma "cima". Wai daga Latin ta fito, inda take nufin tohon kabeji, su kuma daga Girkawa suka aro ta, a wurinsu kumburi ne. Kowace kwana da nata darasin. Na yi gyaran murya, ya shiga "sommet". Na ce "Malam, dama ƙanena", ya ce "cumbre". Wallahi raina ya ɓaci, na biya kuɗin mota ina sauraron tarihin kabeji!

Da muka kai sama na fito ina huci. Garin Al Ain duk ga shi a ƙasa, iska mai sanyi. Na juyo in kira Malam, sai na tarar da shi idonsa a rufe, rigarsa sharkaf da gumi, ya ƙanƙame kujera. Ashe tsoron tudu yake, surutun nan duk don kada ya dubi taga ne.

Na shiga na riƙe masa hannu muka sauko. Kunya ta hana ni roƙon mutum yana cikin wannan hali. Na haƙura, na fara tunanin yadda zan gaya wa ƙanena ya haɗa kayansa.

Da la'asar muka iso Deira. Yana fita ya leƙo ta taga.

"Ɗana, turo ƙanen naka shago gobe, tun jiya aka gaya mini. Amma abin da ka gani a kan dutsen nan, khalas, shi ke nan, a can ya tsaya."

Abin da na koya ke nan: kafin ka kai mutum kallon dutse, tambaye shi ko yana so. Ya san tsoronsa, ya san buƙatata, ya hau ne kawai don kada ya ba ni kunya.